Katanga Mai Ƙafa 21: Kwana Uku a Pittsburgh

Ɗan yayata ne ya ɗauko ni daga filin jirgi. Shekararsa huɗu ke nan yana karatu a Pittsburgh, kuma tun da ya ji aiki zai kawo ni Amurka ya kafa mini ƙahon zuƙa, ko kwana uku ne sai na leƙo shi, in ba haka ba zai kai ƙarata wajen uwarsa. Muna tafe a mota muka shiga wata hanya da aka huda ta cikin dutse, wadda ake kira Fort Pitt. Ya ce, "Kawu, ajiye wayar nan, ka duba gabanka." Muna fitowa daga ramin sai ga birnin ya bayyana gaba ɗaya a lokaci guda, dogayen benaye da gadoji masu launin ruwan ɗorawa, ga koguna biyu, Allegheny da Monongahela, sun haɗu sun zama kogin Ohio, kamar yadda Neja da Binuwai ke haɗuwa a Lakwaja. Ya nuna mini wasu fitilu a tsallaken ruwa, ya ce gobe da yamma can za mu, kallon besbol.

Ni tun tasowata ƙwallon ƙafa na sani, sai dambe, sai langa da muka yi a dandali. Besbol ban taɓa zama na kalle shi ba ko a talabijin. Amma baƙo ba ya zaɓen tabarma, na ce Allah ya kai mu.

Da safe bai fara kai ni filin wasan ba. Unguwar Oakland muka nufa, inda jami'arsu take. A gefen wani titi, tsakanin bishiyoyi, akwai guntun katangar jan bulo tsaye ita kaɗai, ciyayi sun hau ta, ba gida a bayanta, ba komai a gabanta. An rubuta 457 da farin fenti a jikinta, can gaba kuma 436. Wannan shi ne abin da ya saura na Forbes Field, filin da ƙungiyar Pirates ta yi wasa a cikinsa daga 1909 zuwa 1970. Lambobin nisan katangar ne, a ƙafa, daga inda mai bugu ke tsayawa. Da aka rushe filin jami'a ta yi gine-gine a wurin, sai aka bar wannan guntun. Muka shiga wani gini da ake kira Posvar Hall, ɗalibai na kai-kawo da jakunkuna, ya tsayar da ni a tsakiyar hanya ya ce in dubi ƙasa. Ƙarƙashin gilashi, a cikin daɓen, ga farantin nan mai kusurwa biyar da ake kira gida, wanda duk ɗan wasa ke fafutukar komowa kansa.

A wurin ya ba ni labarin 13 ga Oktoba, 1960, kuma ko ni da ban san dokar wasan ba sai da na ji tsikar jikina ta tashi. Pirates sun haɗu da New York Yankees a gasar ƙarshe ta shekara, World Series, inda wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai ke ɗaukar kofi. Yankees a lokacin su ne giwayen daji. Wasanni ukun da suka ci, kaca-kaca suka yi wa Pirates: 16 da 3, 10 da nema, 12 da nema. Su kuwa Pirates nasu ukun da ƙyar da jiɓin goshi suka same su. A wasa na bakwai aka je turmin ƙarshe ana 9 da 9. Wani ɗan wasa mai suna Bill Mazeroski, wanda an fi saninsa da iya tsaro fiye da bugu, ya ɗauki kulkinsa ya tsaya. Jifa ta biyu ya maka wa ƙwallon, ta tashi ta tsallake katangar hagu, da ƙarfe 3:36 na rana. Shi ke nan, kofi ya zama na Pittsburgh. In aka haɗa makin wasanni bakwai ɗin, Yankees na da 55, Pirates 27, amma mai 27 ne ya tafi gida da kofi. Har yau duk ranar 13 ga Oktoba mutane na taruwa a gindin wannan katanga da kujerunsu, a kunna musu sharhin rediyo na wasan tun daga farko, su saurara kamar ba su san ƙarshensa ba, in aka zo wajen bugun su ɓarke da sowa. Na so a ce tafiyata ta faɗo a wannan rana.

A filin nan ne kuma Babe Ruth ya yi bugun tsallake katanga uku na ƙarshe a rayuwarsa ta wasa, a rana ɗaya, cikin Mayun 1935. Daga nan ne aka fara watsa wasan besbol kai tsaye ta rediyo, a tashar KDKA, ranar 5 ga Agusta, 1921. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin Homestead Grays, ƙungiyar baƙaƙen fata da ke karɓar hayar filin idan Pirates sun yi tafiya, don a wancan zamani ba a yarda baƙar fata ya shiga babbar gasa ba. Suna da wani Josh Gibson, wanda waɗanda suka gan shi suka ce ba a yi mai ƙarfin bugu irinsa ba. Ya rasu a Janairun 1947 yana da shekara 35, wata uku kafin Jackie Robinson ya karya wannan shinge a Brooklyn. Sai a 2024 hukumar gasar ta shigar da alƙaluman ƙungiyoyin baƙaƙe cikin kundinta, sunan Gibson ya hau kan na kowa a matsakaicin dacen bugu, wato sau nawa mai bugu ke dacewa in aka kwatanta da yawan tsayuwarsa. Shekara 77 bayan an binne shi. Abin ya yi mini ciwo.

Da la'asar sakaliya muka gangara cikin gari. Ranar wasa ana rufe wata gada ga motoci, a bar wa masu tafiya a ƙasa, sunanta gadar Roberto Clemente. Muka bi ayari: tsofaffi, mata da jarirai a keken turawa, samari, kusan kowa cikin baƙi da ruwan ɗorawa, launin da duk manyan ƙungiyoyin wasa na birnin ke sawa. Na lura rigunan da yawa lamba 21 ce a bayansu, har da na yaran da ba su wuce shekara biyar ba. Na tambaya ko shi ne tauraronsu na yanzu. Ɗan yayata ya ce, "A'a Kawu, ya fi shekara hamsin da rasuwa. Bari mu zauna tukuna."

Filin na yanzu, PNC Park, an buɗe shi a 2001, yana ɗaukar mutum wajen 38,000. Daga yawancin kujerun kana hangen kogi da gadar da benayen gari a bayan 'yan wasa. Ciyawar kamar an shimfiɗa darduma. Abinci kuwa sai da muka yi taka-tsantsan, don yawancin naman da ake sayarwa na alade ne, muka tsaya a kan gyaɗa mai ɓawo da soyayyen dankali. Gyaɗar a nan ake ɓare ta a zubar da ɓawon ƙarƙashin kujera, babu mai harararka.

Allah ya haɗa ni da maƙwabci nagari. Wani dattijo Bature ne a damana, ya haura saba'in, da wata takarda mai gidaje-gidaje a kan cinyarsa da guntun fensir da ya sha fiƙa har ya kusa ƙarewa. Duk abin da ya faru a fili sai ya yi 'yar alama a gida ɗaya. Da ya ji ɗan yayata na yi mini bayani da Hausa, ya tambayi daga ina muke, muka ce Nijeriya, sai ya karɓi aikin koyarwar da kansa. Ya ce kowane ɓangare mutum tara ne, turmi tara ake yi, a kowane turmi ɓangare ɗaya na bugu har sai an fitar da mutum uku nasu, sannan a yi musanya. Mai jifa na tsaye a kan ɗan tudu, tazarar ƙafa 60 da inci 6, yana wurgo ƙwallo da gudun da ke haura kilomita 150 a awa. Mai bugu in ya kuskure sau uku ya fita. In ya dace, sai ya ruga zango na farko, daga nan na biyu, na uku, ya komo gida, shi ne maki ɗaya. Da na ga wani ya baro zango na uku a guje ya zube a ƙasa yana miƙa hannu ya taɓa farantin kafin ƙwallo ta iso, sai langa ta faɗo mini a rai, yadda ake tare mutum kada ya kai wurin sha. Daga nan wasan ya fara shiga kaina.

Dattijon ya ce a wannan wasa wanda ya dace sau uku cikin goma gwani ne. Wato gwanin ma sau bakwai yake komawa benci hannu rabbana. Kuma wasa 162 kowace ƙungiya ke yi a shekara, kusan kullum, daga bazara har kaka. Wasa ne na masu haƙuri, shi ya sa hira ke da wuri a cikinsa, kuma hirar ce na fi amfana da ita.

Na tambaye shi dalilin da zai sa ƙungiya ta kira kanta 'yan fashin teku, don abin da Pirates ke nufi ke nan, ga tutarsu baƙa da ƙoƙon kai. Ya yi dariya ya ce zagi ne ya zama suna. Da can Alleghenys ake ce musu. Wajen 1891 suka ɗauke wani ɗan wasa, Lou Bierbauer, wanda wata ƙungiyar Philadelphia ke ganin nata ne amma ta yi sakaci ba ta sa sunansa a jerin waɗanda ta riƙe ba. Aka yi ta ce musu wannan ai fashi ne. Su kuma suka rungumi sunan.

Daga nan ya shiga jero mini mutanensu kamar mai karanta salsalar gidansu. Honus Wagner, ɗan Jamusawa 'yan ci-rani, wanda ya shiga ramin haƙar kwal yana ɗan shekara 12, ƙafafunsa sun yi baka, tafin hannunsa kamar faranti, amma sau takwas yana zama zakaran bugu na gasarsu, kuma yana cikin mutum biyar na farko da aka sa a zauren girmamawa a 1936. Wani kamfanin taba ya buga hotonsa a ɗan kati yana sawa cikin kwalin sigari, Wagner ya hana. Wasu sun ce ba ya so yara su sayi taba don neman hotonsa, wasu sun ce kan kuɗi aka saɓa. Ko ma dai mene ne, katin ya yi ƙaranci, har aka sayar da guda ɗaya dala miliyan 7.25 a 2022. Ɗan kati da bai kai tafin hannu ba. Sai Harvey Haddix, wanda a 1959 ya fitar da mutum 36 a jere babu wanda ya taka ko zangon farko, turmi 12 cur, amma 'yan'uwansa suka kasa ci masa ko maki ɗaya, aka yi ta ƙara turmi saboda kunnen doki, har aka cinye su a turmi na 13. Sai Dock Ellis, mai baki da tsaurin ido, wanda ya taɓa fitowa fili da robobin naɗe gashi a kansa, kuma ya faɗa da bakinsa cewa a buge yake da ƙwaya ranar da ya hana San Diego dacen bugu ko ɗaya a Yunin 1970. Dattijon bai ba ni wannan a matsayin abin dariya ba. Ya ce Ellis ya daina, ya ƙare rayuwarsa yana taimakon masu shaye-shaye su rabu da shi. Sai Willie Stargell, da suke kira Baba, wanda ke raba wa abokan wasansa 'yan taurari na zare su liƙa a hula in sun yi abin kirki, ya ja su suka ci kofin 1979. Ya rasu ranar 9 ga Afrilu, 2001, ranar da aka yi wasan gasa na farko a wannan fili da muke zaune.

Bayan turmi na biyar wasu mutane suka fito sanye da kayan da aka ɗinka kamar manyan sambusa, suka yi tsere a gefen fili, jama'a na ihu. Pierogi ake kiran abincin, ƙullin fulawa da dankali da cuku a ciki, wanda ma'aikatan masana'antar ƙarfe daga Gabashin Turai suka zo da shi. Magariba ta yi, muka samu wani lungu bayan matakala muka shimfiɗa rigar sanyi muka yi salla, wani ma'aikacin filin ya tsaya nesa kaɗan yana karkatar da masu wucewa ba tare da mun roƙe shi ba.

Da muka dawo na ce wa dattijon saura lamba 21. Ya ajiye fensirinsa. Ya nuna mini katangar dama, wadda ta fi sauran tsayi nesa ba kusa ba, ya ce in ƙiyasta tsawonta. Ƙafa 21 ce daidai, da gangan aka gina ta haka, domin a gefen dama Roberto Clemente yake tsaro.

An haife shi a Carolina ta tsibirin Puerto Rico a 1934, mahaifinsa na aiki a gonar rake. Ya zo Pirates a 1955, baƙar fata, ga Turancinsa bai nuna ba, harshensa Sifaniyanci. 'Yan jarida suka riƙa rubuta maganarsa yadda lafazinsa ya fito don a yi dariya, suka yanke masa suna suka mai da shi Bob, shi kuwa ya ce sunansa Roberto. In an je atisaye a Florida, abokan wasansa farare su kwana a otal, shi a nema masa ɗaki a unguwar baƙaƙe. In mota ta tsaya a gidan abinci, su shiga, shi ya jira a kawo masa a mota. Bai yi shiru ba, ya yi ta magana har ƙungiyar ta sama wa baƙaƙen 'yan wasanta motar kansu. Duk wanda ya taɓa zama a ƙasar da ake jin lafazinsa kafin a ji maganarsa ya san abin da mutumin nan ya haɗiya. Na dubi ɗan yayata, na ga ya sunkuyar da kai.

A fili kuwa babu mai ja da shi. Sau 12 a jere yana karɓar kyautar gwanin tsaro. Dattijon ya ce ya gan shi da idonsa a Forbes Field, mahaifinsa ya kai shi, ya ɗauki ƙwallo daga gindin katanga ya juya ya wurgo ta zango na uku ba ta taɓa ƙasa ba. Yana cikin waɗanda suka ci kofin 1960, shi ne kuma gwarzon gasar ƙarshe ta 1971. A shekarar ce, ranar 1 ga Satumba, Pirates suka fito da mutum tara da babu farar fata ko ɗaya a cikinsu, baƙaƙen Amurka da 'yan Latin Amurka zalla, karo na farko a tarihin babbar gasar, Dock Ellis na jifa, Clemente na dama. Suka ci wasan 10 da 7. Ranar 30 ga Satumba, 1972, ya yi dacen bugunsa na 3,000, adadin da 'yan ƙalilan ne suka taɓa kaiwa.

A nan lissafin ya tsaya. Ranar 23 ga Disamba na shekarar girgizar ƙasa ta rushe Managua, babban birnin Nicaragua, inda bai daɗe da dawowa ba. Ya shiga tara abinci da magunguna a Puerto Rico, ya aika jirage. Sai labari ya zo masa cewa jami'an gwamnatin Somoza, mai mulkin Nicaragua a lokacin, na karkatar da kayan, ba sa isa ga mabukata. Ya ce to shi zai raka na gaba da kansa, ya ga wanda zai taɓa su a gabansa. Daren 31 ga Disamba ya bar matarsa da 'ya'yansa maza uku ya hau wani tsohon jirgi ƙirar DC-7 da aka yi wa lodi fiye da kima. Tashinsa ke da wuya daga San Juan ya faɗa teku. Shekararsa 38. Ba a ga gawarsa ba har yau. Abokin wasansa Manny Sanguillén, ɗan Panama, bai je taron addu'ar da aka yi masa ba, yana can bakin teku yana nutso cikin ruwan da ke da kifaye masu cin mutum, yana neman abokinsa.

Dattijon ya ce da safiyar sabuwar shekara mahaifiyarsa ce ta tashe shi, rediyo na kunne a kicin, mahaifinsa na zaune da kayan aiki a jikinsa bai ce uffan ba. Ya ce bai taɓa ganin hawayen mahaifinsa ba sai ranar. Yana faɗa muryarsa na rawa. Mu da muka san yadda kayan agaji ke bin wata hanya tsakanin sito da sansanin 'yan gudun hijira, ba sai an yi mana dogon bayanin abin da ya sa mutumin nan ya hau jirgin ba. Na kasa cewa komai, sai hannunsa na kama.

Tun 1979 Pirates ba su sake ɗaukar kofi ba. Daga 1993 zuwa 2012, shekara 20 a jere, kowace shekara wasannin da aka cinye su sun fi waɗanda suka ci. Magoya baya na ƙorafin cewa da zarar yaro ya yi fice sai ƙungiyoyi masu kuɗi su ɗauke shi, kuma na ji ana faɗar haka da ɗaci a layin da ke bayanmu. Dattijon ya ce duk shekarun nan bai fasa zuwa ba, takardunsa na nan a akwati a gida, shekara bisa shekara. Da ya tuna daga Afirka muke, ya ce ai su ne suka fara sa ɗan nahiyarmu a babbar gasa: Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu, wanda ya tashi a wani ɗan ɗaki a filin wasan Randburg inda mahaifiyarsa ke aikin shara da girki. Ranar 26 ga Afrilu, 2017, ya shigo wasa da Chicago Cubs a nan filin, kuma tsayuwarsa ta farko ya dace da bugu. Ya nuna mini zangon farko, inda yaron ya tsaya ranar.

A daren namu ma an cinye Pirates. Babu wanda ya jefa roba, babu wanda ya zagi alƙalin wasa fiye da minti ɗaya. Dattijon ya cike gidan ƙarshe a takardarsa, ya rubuta kwanan wata, ya tambayi yadda ake rubuta sunan garinmu ya sa a gefe, ya ninke ta ya sa a aljihu. Muka yi sallama.

A bakin gadar akwai mutum-mutumin Clemente na tagulla, ya saki kulki zai ruga. Da shigarmu cunkoso bai bar ni na matsa kusa ba, sai yanzu. A daɓen da ke kewaye da shi an yi zango uku, kowanne da ƙasa a ƙarƙashin gilashi: ɗaya daga Puerto Rico, ɗaya daga Forbes Field, ɗaya daga Three Rivers, filin da ya yi bugunsa na 3,000, wanda shi ma an rushe shi a 2001. Na durƙusa na haska ta Puerto Rico da fitilar wayata. Wata yarinya sanye da riga mai lamba 21 da ta kai mata gwiwa ta zo ta tsuguna kusa da ni tana leƙawa, uwarta na tsaye tana jira. Ɗan yayata ya dafa kafaɗata ya ce, "Kawu, mu tafi, kada motar unguwarmu ta wuce."